Gargaɗi ga Masu Bi na Bronx: Kada Neman Karya La'anar Gado Ya Rushe Mana Gidaje

Ya ku 'yan'uwa masu bi da ke zaune a Concourse Village da unguwannin da ke kewaye da ita a Bronx, iyayenmu dattawan ikkilisiya, iyayenmu mata na Zumunta, fastoci, masu bishara da matasa:

Wata koyarwa tana ratsa gidajenmu, kuma gudunta ya fi yadda muke zato. Ba ta ƙofar majami'a kaɗai take shigowa ba. Tana shigowa ta layin addu'ar waya da tsakar dare, ta WhatsApp da YouTube da TikTok, ta bakin abokiyar aiki mai kyakkyawar niyya. Abin da take cewa shi ne duk wahalar da ta daɗe a kanka, ko jinkirin takardun zama ne, ko rashin aure, ko ɓarin ciki, ko ciwon yaro, la'ana ce da ka gada daga kakanni. Wai tubanka bai kai gare ta ba, baftismarka ba ta wanke ta ba, sai wani mutum na musamman ya karya ta, kuma sai ka biya. Sau da yawa akan ƙara da cewa akwai wani cikin danginka da ke riƙe da kan igiyar.

Ƙarshen wannan hanya sananne ne. A wasu wurare an bi ta har ƙurewa, aka tarar da kaburburan yara, da tsofaffin da aka kora daga gidajensu, da majiyyatan da suka mutu alhali maganinsu na ajiye a ɗaki. Gemun 'yan'uwanmu ya riga ya kama wuta, lokacin shafa wa namu ruwa ya yi.

Ni mai bi ne. Na gaskata akwai Shaiɗan, na gaskata addu'a da azumi suna da iko, na kuma gaskata zunubin uba yana iya jefa 'ya'ya da jikoki cikin wahala. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne mai da waɗannan gaskiyoyi jarin kasuwanci da sandar dukan marasa ƙarfi.

Abin da ya sa take samun shiga

Akasarin masu jin Hausa a Bronx Musulmi ne, 'yan zangon Kumasi da Nima, da mutanen Nijar da Najeriya. Mu Kirista kaɗan ne a cikinsu, daga Filato, kudancin Kaduna, Bauci, Gombe, Adamawa, Zariya da arewacin Gana. Da yawa daga cikinmu mun taso a ECWA, COCIN, EYN, HEKAN, Anglika, Baptis ko Katolika, inda dattawa suka san gidan kowa, kuma akwai majalisar da za ta kira fasto ta tuhume shi idan ya kauce. A nan kuwa da wuya mutum ya sami sujada da Hausa kusa da gida. Sai ya shiga majami'ar da ya tarar a buɗe, ko ya bi wani annabi da bai taɓa gani ba sai a fuskar waya. Da yawa daga cikin majami'un unguwar nan na bayin Allah ne masu gaskiya, masu ciyar da baƙo da nema masa ɗaki. Amma inda babu mai tuhuma, mayaudari yakan sami wurin zama.

Ga kuma nauyin zaman ƙasar nan. Mace na kwana tana kula da tsofaffi a gidajen mutane, namiji na jan tasi ko kai saƙon abinci a kan keke cikin sanyi, kuɗin haya na cinye albashi, mutanen gida na jiran aike, takarda ta ƙi fitowa. Wanda gajiya da kaɗaici suka yi wa yawa yana son a ba shi dalili guda da zai bayyana masa komai. "An ɗaure ka daga gida" amsa ce mai saurin shiga zuciya.

To amma mu dubi maganar takardu. A ƙarshen 2023, ƙararrakin da ke jiran hukunci a kotunan shige da fice na Amurka sun haura miliyan 3. Mutanen Meziko da Haiti da Indiya da Sin duk suna cikin layin nan tare da mu. A farkon 2020 gwamnatin Amurka ta dakatar da ba 'yan Najeriya bizar ƙaura, iyalai da yawa suka tsaya cik, sai aka ɗage dokar a Janairun 2021 da sa hannun sabon shugaban ƙasa. Ba kakar kowa ce ta rufe ƙofar ba, ba kuma man shafewa ne ya buɗe ta ba. Wanda fayil ɗinsa ya maƙale, addu'a yake bukata da lauya na gaskiya, kuma ofishin magajin garin New York mai kula da baƙi yana haɗa mutane da shawarar lauya kyauta.

Koyarwar nan ma, a siffar da muke ganinta yau, ba tsohuwa ba ce. A 1988 Marilyn Hickey ta fitar da littafi a kan karya la'anar zuriya. A 1990 Derek Prince ya fitar da nasa a kan albarka da la'ana, inda ya lissafa alamomi bakwai da ya ce suna nuna la'ana a gida: taɓin hankali, ciwo mai daɗewa, rashin haihuwa ko ɓari, mutuwar aure, talauci mai naci, yawan haɗari, da mutuwar ƙuruciya. A Legas, Daniel Olukoya ya kafa majami'ar Mountain of Fire and Miracles a 1989, addu'o'in yaƙi da littattafanta suka bazu a Afirka ta Yamma da duk inda 'ya'yanta suka yi ƙaura. Da wannan tunani ya iso wajenmu, sai ya tarar da tsohon imanin cewa maita gadonta ake yi, a nono ake shanta, ga sammu, ga kambun baka. Opoku Onyinah, wanda ya shugabanci Church of Pentecost ta Gana daga 2008 zuwa 2018, ya yi binciken digirinsa na uku a kan haɗuwar waɗannan biyun, ya kuma nuna yadda take ƙara tsoro da zargin maita maimakon ta kawar da su. Wannan ba maganar maƙiyin Pentikos ba ce, maganar ɗaya daga cikin manyan shugabanninta ce.

Ku sake duba alamomin nan bakwai. Wane gida ne a duniya ba shi da ko ɗaya daga cikinsu? Abin ya yi kama da mai tallan magani a tasha, wanda zai lissafa ciwon kai da ciwon baya da kasala har kowane fasinja ya ji da shi ake. Haka ma tambayoyin da ake yi a layin addu'a: Kai ne ɗan fari? Wa ya binne cibiyarka? Kakanka ya yi tsafi? Kana mafarkin cin abinci? Babu ɗan Afirkan da zai amsa su duka da a'a.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar

Ayar da masu wannan koyarwa suka fi riƙewa ita ce Fitowa 20:5, inda Allah, cikin gargaɗinsa a kan bautar gumaka, ya ambaci hukunci mai bin zuriya har tsara ta uku da ta huɗu. Ku buɗe ku karanta da kanku. Ayar ta ƙayyade cewa da masu ƙin Allah take, kuma ayar da ke bi mata ta shimfiɗa jinƙansa ga dubbai masu ƙaunarsa. Wanda ya karanta ta biyar ya rufe littafin kafin ta shida ya ɓoye muku rabin magana.

Maimaitawar Shari'a 24:16 ta hana a kashe ɗa saboda laifin uba. Sarki Amaziya ya yi aiki da wannan doka, ya hukunta waɗanda suka kashe mahaifinsa, ya bar 'ya'yansu. A zamanin bautar Babila, Isra'ilawa suna da karin maganar da ke ɗora wahalarsu a kan iyayensu. Allah ya aiko Ezekiyel, babi na 18 gaba ɗaya, ya hana su faɗinta. Ya kawo misalin tsara uku, kaka adali, ɗa mugu, jika wanda ya ga muguntar ubansa ya ƙi bin sawunsa, ya kuma yanke cewa jikan nan zai rayu. Irmiya 31 ya faɗi haka daidai inda yake albishir da sabon alkawari. Tarihin sarakunan Yahuza ma shaida ne. Ahaz ya miƙa ɗansa hadaya a wuta, amma Hezekiya mai tsoron Allah daga gidansa ya fito. Manassa da Amon sun cika ƙasa da gumaka, amma Yosiya, jikan Manassa, shi ya tsarkake Haikali.

A Yahaya babi na 9, almajirai sun ga wanda aka haifa makaho, suka yi tambayar da annabawan waya ke yi yau: laifin wa ne, nasa ko na iyayensa? Yesu ya ƙi duka biyun, ya warkar da shi. Bulus ya koya wa Galatiyawa, babi na 3, cewa Almasihu ya ɗauki la'ana a kansa a kan gicciye domin ya fanshe mu. Bitrus, a babin farko na wasiƙarsa ta fari, ya yi magana kai tsaye a kan banzar al'adar da mutum ya gada daga kakanni, ya ce jinin Almasihu ne ya fanshe mu daga gare ta, ya kuma ware azurfa da zinariya ya ce ba su ba ne. To wanda ya ce sai ka aika dala ɗari biyar kafin gadon nan ya sake ka, da wa yake jayayya?

Masu bi na Afisa daga sihiri suka fito, har suka ƙona littattafan tsafi masu darajar azurfa dubu 50. Duk da haka babu inda Bulus ya umarce su su bi salsalar kakanninsu suna karya la'ana ɗaya bayan ɗaya. A babi na 6 na wasiƙarsa gare su ya lissafa makaman yaƙin ruhaniya: gaskiya, adalci, bisharar salama, bangaskiya, ceto, Maganar Allah da addu'a. Tun kafin ya lissafa su ya bayyana cewa ba da 'yan Adam muke yaƙi ba. Saboda haka addu'ar da ke kiran sunan gwaggonka tana neman ta mutu ba yaƙin ruhaniya ba ce, tsinuwa ce. Yaƙub da Yahaya sun taɓa neman a sauko da wuta a kan wani ƙauyen Samariyawa, Yesu ya tsawata musu. Siman mai sihiri ya nemi sayen baiwar Allah da kuɗi, Bitrus ya tsawata masa da kakkausar murya.

Iyayenmu ma sun san wannan. Masu bi na farko cikin Maguzawan Kano da Katsina, da mutanen duwatsun Filato, daga gidajen bori da dodo da tsafi suka fito. Sun ƙona layunsu, an yi musu baftisma, suka karɓi cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, suka tsaya a kai. Ba su sayi 'yancinsu a hannun kowa ba.

Abin da ke bin jini da gaske

Akwai abubuwan da ake gada, kuma suna kashewa idan aka ba su sunan da ba nasu ba.

Na farko amosanin jini, wato sikila. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, inda aka ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan dubu 150 da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar halittarta ba tare da ciwo ba. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. A da, matar da 'ya'yanta ke mutuwa suna ƙanana akan ce tana wabi, alhali sikila da zazzaɓin cizon sauro na daga cikin abubuwan da ke ɗauke su. A Amurka, jihar New York ce ta fara gwada dukan jarirai don gano sikila, tun 1975. Akwai maganin da ake ba yaro kullum don kare shi daga ƙwayoyin cuta, akwai mai rage yawan tashin ciwon, kuma a Disambar 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da sababbin hanyoyi biyu na gyaran ƙwayar halitta. Zazzaɓi ga yaro mai sikila maganar gaggawa ce. Uwar da ta kwana da shi a wurin addu'a maimakon asibiti tana iya wayar gari ba shi.

Na biyu ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a Afirka ta Yamma. Uwa na iya sa wa jariri lokacin haihuwa, shi ya sa yake bin ɗaki guda. Yakan yi shiru shekara talatin ko arba'in, sannan ya fara ɗauke 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya da kumburin ciki, mutane su ce an sa wa gidan hannu. Gwajin jini guda yana gano shi, akwai maganin da ke danne shi, allurar da ake yi wa jariri ranar haihuwa kuma tana tare shi.

Haka hawan jini da ciwon suga, haka wasu nau'o'in farfaɗiya da taɓin hankali. Mai hawan jini sau da yawa ba ya jin komai a jikinsa, saboda haka idan aka ce masa ya warke ya jefar da ƙwaya, zai ga kamar gaskiya ne, har ranar da ɓarin jikinsa zai shanye ko ƙodarsa ta daina aiki. Mai ciwon suga da ke allura, idan aka sa shi azumin kwana uku ba ci ba sha, ransa aka sa a haɗari. Mai jego da damuwa ta kama bayan haihuwa ba namijin dare ne ya shige ta ba, ciwo ne da likitoci suka sani, kuma ana warkewa.

Ikkilisiyarmu ta Arewa ba ta taɓa ɗaukar magani abokin gabar bangaskiya ba. A da ana ganin kuturta la'ana ce mai bin gida, ana ƙin auren zuriyar kutare. Masu mishan sun amsa da asibitoci: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato, Danja kusa da Maraɗi. Da maganin ƙwayar cutar ya samu, abin da aka kira la'ana ya warke, kuma Hausawa da dama a waɗannan wurare suka fara jin bishara. Asibitin Galmi da na Vom da na Wusasa duk 'ya'yan ikkilisiya ne. Marigayi Farfesa Ishaya Audu likitan yara ne, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma yi hidimar fasto. Luka da ya rubuta bishara likita ne.

A nan kuwa ba mu da uzuri. Asibitin Lincoln yana kan titi na 149, BronxCare yana kan Grand Concourse. Shirin NYC Care, wanda aka fara a Bronx a 2019, yana ba marasa inshora damar ganin likita ba tare da la'akari da takardun zama ba. Wanda zuciyarsa ke raya masa ya kashe kansa, ko na kusa da shi, ya kira 988 dare ko rana. Ku yi addu'a a hanya, ku yi a ɗakin jira, amma ku je.

Yara da tsofaffi

Nan ne haɗarin ya fi muni. Idan aka gaya wa mutum akwai mai riƙe da la'anarsa, sai ya waiga ya nemo shi, kuma ba mai ƙarfi yake nunawa ba. Yaro mai fitsarin kwance yake nunawa, ko marainiyar da aka ɗauko riƙo, ko agola, ko yaron da bai fara magana da wuri ba, ko tsohuwar da ruɗewar tsufa ta kama.

Victoria Climbié 'yar Kwaddebuwa ce, aka ba wata kakarta riƙonta don ta yi karatu a Turai. An kai ta coci fiye da ɗaya a Landan, aka danganta halin da take ciki da mugun ruhu, alhali azaba ake gana mata a gida. Ta rasu ranar 25 ga Fabrairun 2000 tana da shekara 8, likita ya ƙirga raunuka 128 a jikinta. A ranar Kirsimeti ta 2010, a Landan ɗin dai, Kristy Bamu ɗan shekara 15 ya mutu a hannun yayarsa da saurayinta bayan sun zarge shi da maita, aka yanke musu ɗaurin rai da rai. A Akwa Ibom, yaran da aka kira mayu aka watsar a titi sun yi yawan da sai da jihar ta kafa doka a 2008 ta haramta yi wa yaro wannan laƙabi. A Yulin 2020, a Gana, a Kafaba kusa da Salaga, garin da fataken goro suka sani tun zamanin Gwanja, an kashe Akua Denteh mai shekara 90 da duka a bainar jama'a bayan wata bokanya ta nuna ta.

Kada wani ya ce wannan sai can. A Milwaukee, a 2003, Terrance Cottrell, yaro ɗan shekara 8 mai lalurar galahanga, ya mutu saboda an danne shi ana addu'ar fitar da aljani. A cikin jihar New York ɗin nan, a New Hartford kusa da Utica, a Oktoban 2015, an doki Lucas Leonard ɗan shekara 19 a cikin coci har ya mutu, a zaman da aka ce na sa shi furta zunubi ne. Iyayensa da shugabar cocin sun tafi gidan yari. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da aka fara da niyyar kisa a baki. Da magana aka fara: yaron nan akwai abu a jikinsa.

Yesu ya ɗauki yara ya sa musu albarka, ya kuma yi gargaɗi mafi tsanani ga wanda ya sa ɗayansu tuntuɓe. Babu inda ya kira yaro maye. Dokar girmama uwa da uba tana cikin Dokoki Goman nan da ake ciro ayar la'ana daga cikinsu. Wanda ya daina ɗaukar wayar mahaifiyarsa, ya yanke mata kuɗin abinci saboda wani ya gan ta a wahayi, ya sani cewa a ƙauye maganar ba ta tsaya a wayarsa ba. Da zarar an ji ɗanta na Amurka ya ce mayya ce, rayuwarta ta shiga haɗari.

Dokar ƙasar nan ma ba ta wasa. Kotun iyali ta Bronx tana lamba 900 a titin Sheridan, cikin unguwarmu, babbar kotun laifuka kuma tana kan titi na 161. Malaman makaranta da likitoci da ma'aikatan jinya doka ta tilasta musu kai rahoto idan suka ga alamar duka ko yunwa ko hana magani a jikin yaro, hukumar kula da yara ta ACS kuma tana iya ɗauke shi. Tun 1944 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa 'yancin addini bai ba iyaye ikon jefa yaro cikin haɗari ba. Wanda ba ɗan ƙasa ba, idan aka same shi da laifin cin zarafin yaro ko na iyali, ana iya korarsa ko da yana da katin zama. Annabin da ya ba ka umarnin daga Legas ko Accra ba zai tsaya gaban alƙali tare da kai ba.

Zunubin da ke bin zuriya, da yadda ake yanke shi

Akwai zunubin da ke sauka daga uba zuwa ɗa, kuma hanyarsa a fili take. Yaron da ya tashi yana ganin ana dukan uwarsa ya koyi yadda ake kashe gardama. Wanda ya ga kwalba ita ce mafakar ubansa ya san inda zai gudu ranar baƙin ciki. Neman mata, ƙarya, cin bashi, gabar 'yan uba, zagin yara, duk a gida ake koyonsu. Wani babban bincike da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi tare da Kaiser Permanente a kan mutum fiye da dubu 17, wanda aka fara wallafa sakamakonsa a 1998, ya nuna cewa gwargwadon wahalar da yaro ya sha a gida, gwargwadon haɗarin shaye-shaye da ciwon damuwa da ciwon zuciya idan ya girma.

Koyarwar la'anar gado tana ɓata maganin wannan, domin tana ɗauke alhaki daga wuyan mai laifi. Mutum ya mari matarsa, ya ce ruhun kakansa ne. A kai shi a yi ihu a kansa, ya faɗi, ya tashi, ya koma gida da hannun nan nasa. Nehemiya da Daniyel sun furta zunuban kakanninsu, gaskiya ne, amma sun haɗa da nasu, kuma a zamanin Nehemiya abin ya ƙare da alkawarin canja hali, da mayar wa talakawa gonakinsu. Zakka mai karɓar haraji da ya tuba, dukiyar mutane ya mayar.

Haka ake yanke zunubin zuriya. Ka kira shi da sunansa, ka ce ni na yi. Ka nemi gafarar matarka da 'ya'yanka da bakinka. Ka biya haƙƙin da ka ci. Ka sami dattijo ko ɗan'uwa da zai riƙa tambayarka gaskiya. Idan shaye-shaye ne ko fushin da ya fi ƙarfinka, ka nemi masu ba da shawara da suka koyi aikin. Ka dage da addu'a da Maganar Allah shekara da shekaru, har 'ya'yanka su tashi da wani abin koyi dabam. Wannan ya fi kwana guda na ihu wuya, kuma shi ne yaƙin. 'Yar'uwar da ake duka kuwa, kada a ce ta zauna ta yi azumi har la'anar mijinta ta karye. Cibiyar taimakon iyali ta birni tana lamba 198 a titi na 161, kyauta ce, kuma rashin takardun zama ba ya hana a taimake ta.

Alamomin da za ku gani ku janye

Ku bar duk mai hidimar da ya yi ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ya sa wa addu'a farashi, ko ya ce girman irin da ka shuka shi ne girman 'yancinka.
2. Ya kira sunan wani danginka, ko ya siffanta shi, ya ce shi ne maye.
3. Ya ce ka daina shan magani, ko ya ce zuwa asibiti rashin bangaskiya ne.
4. Ya sa yaro, ko mai ciki, ko majiyyaci azumi, ko ya ba da abin sha da ba a san mene ne ba.
5. Ya doki mutum, ko ya ɗaure shi, ko ya danne shi da sunan fitar da aljani.
6. Ya nemi keɓewa da mace, ko taɓa jikinta, ko yi mata wanka.
7. Ya ce ka ɓoye wa mijinki ko matarka ko fastonka abin da kuke yi.
8. Kowace 'yantarwa ta ƙare da gano wata sabuwar la'ana.

Kira

Iyayenmu fastoci da dattawa, ku hau bagadi ku koyar da Ezekiyel 18 da Yahaya 9 da Galatiyawa 3 tun kafin wani ya riga ku zuwa kunnen tumakinku. Ku sanar a fili cewa a majami'arku ba a kiran kowa maye. Kada ku ba baƙon mai wa'azi makirufo sai kun san inda ya fito da wanda yake ba lissafi. Ku gayyaci ma'aikatan jinyar da ke zaune a kujerunku su auna hawan jini bayan sujada, ku kuma sa gwajin jini cikin shirin aure.

Iyayenmu mata na Zumunta, ku ne kuke fara jin kukan gida. Idan 'yar'uwa ta ce yaron da take riƙo yana ba ta tsoro, kada ku bari ta kwana da wannan tunani ita kaɗai. Ku je gidan, ku ga yaron da idonku. In kun ga rauni ko rama, ku kai magana inda za a cece shi, in ransa na cikin haɗari ku kira 911. Rufin asirin da zai kai yaro kabari ba rufin asiri ba ne.

Matasa, ku daina tura bidiyon da ba ku auna da Littafi ba. Kowace turawa hannu ce da kuka sa.

Kai kuma ɗan'uwa, ke 'yar'uwa, da kuka riga kuka shiga, kuka kashe kuɗi, kuka yanke zumunci, ƙofa ba ta rufe ba. Ku koma kan maganinku yau, ku gaya wa likita tsawon lokacin da kuka daina. Ku kira mahaifiyarku ku nemi gafara, ku kuma wanke sunanta a gaban waɗanda suka ji zargin. Ku faɗa wa fasto ko dattijon da kuka amince da shi abin da ya faru, domin a tare wasu. Idan kuna cikin Almasihu, ba la'anannu ba ne ku, kuma babu wanda ke da ikon sayar muku da abin da aka riga aka biya.

Ku karanta wa wanda bai iya karatu ba, ku faɗa wa wanda bai ji ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye gidajenmu da 'ya'yanmu da iyayenmu, ya ba mu ikon rarrabe gaskiya da ƙarya. Amin.